Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gane Ko An Yi wa Motar Hannu Babban Gyara

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta juye da babban gyara;
2. bayyana aikin taimin bel da ɓarnar da yake yi idan ya tsinke;
3. karanta maleji, ya kuma mayar da mil zuwa kilomita;
4. gano alamun hannun bakanike a jikin inji;
5. lissafa abin da zai rage daga farashi idan ba a kawo masa shaidar gyara ba.

Shimfiɗa

Da kaka ake sayen mota a wajenmu. In an kwashe masara, an sayar da barkono, rake ya fara cika kasuwar Makarfi, sai ka ga mutanen Janfalan da sauran garuruwan Ikara da Kudan sun nufi Zariya ko Kano ko Kaduna. Wani Golf ko Sharan yake nema ta haya, wani ƙaramar mota ta kai iyali asibiti da wajen biki. Sabuwa dal ba ta cikin lissafin kowa. Ko dai 'yar Beljiyam ce da aka hau a Turai ko Amurka, ko ta hannu wadda ta riga ta sha hanyoyin Najeriya. Dillalai sun san lokacin da kuɗi ke hannun manomi, kuma bakinsu ɗaya a ko'ina: "Alhaji, an yi mata komai, mai kawai za ka zuba ka hau."

Wannan "komai" ɗin za mu buɗe yau. Ƙa'idar darasin ɗaya ce: gyaran da ba shi da shaida, ka ɗauka ba a yi shi ba.

1. Juye daban, babban gyara daban

Idan mai mota ya ce kullum yana yi mata sabis, yawanci juye yake nufi: a zubar da tsohon baƙin mai, a zuba sabo, a canza filta, wani lokaci a taɓa fulogi. Aiki ne na awa guda.

Babban gyara kuwa sai bayan shekaru yake zuwa, kuma yana cin kuɗi: taimin bel da famfon ruwa, kuloci, man giyabos, gasket na kan inji, ringi, shokazoba da kayan ƙafa. Shi ne wanda mai mota ke ɗagawa, yau "sai bayan damina", gobe "sai bayan salla", har ranar da zai ga gara ya sayar da motar ya huta. Shi ya sa motoci da yawa ke shiga kasuwa daidai lokacin da babban gyaransu ya ƙarato.

> Akwatin kalmomi
> Juye: canza baƙin mai da filtarsa.
> Babban gyara: canza kayan da ke ɗaukar shekaru kafin su mutu, waɗanda mutuwarsu ke tsayar da mota.
> Shaidar gyara: rasit, ko rubutu a littafin mota, ko alama a jikin inji, ko bakaniken da ya yi aikin da hannunsa.

2. Taimin bel

A cikin inji akwai fistin mai hawa da sauka, akwai kuma bawul da ke buɗewa don iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. A injina da yawa wuri ɗaya suke rabawa: fistin ya hau, bawul ya janye, fistin ya sauka, bawul ya leƙo. Kamar mata biyu ne ke lugude a turmi ɗaya. Muddin kowacce na sauke taɓaryarta a kan lokaci, daka na tafiya. Ɗaya ta kuskure, sai taɓare su gwaru. Abin da ke tsare wannan lokaci shi ne taimin bel, wata ɗamara ta roba mai haƙora da ta haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama.

Galibi bel ba ya gargaɗi. Ka baro Tashar Yari da fasinja ka nufi Zariya, mota na tafiya lafiya lau, sai inji ya ɗauke tsit. In inji ne wanda fistin ba ya cim ma bawul, an yi sa'a, a sa sabon bel a ci gaba. In ba haka ba, bawul sun lanƙwashe, sai an buɗe kan inji, kuma kuɗin aikin zai ninka kuɗin bel sau da yawa. Kusan duk injinan dizal irin na biyun ne.

Kamfanonin ƙera motoci kan ce a canza bel tsakanin kilomita 60,000 da 120,000, gwargwadon irin injin, ko bayan shekara biyar zuwa bakwai, duk wanda ya riga zuwa. Roba na tsufa ko da mota na ajiye a zaure. Wa'adin da aka rubuta don titunan Jamus kuwa, ga zafin bazara da ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin ƙauyukanmu, gara a rage shi.

Ba kowace mota ke da bel ba, wasu sarƙa gare su. Golf 3 mai inji 1.6 ko 1.8 ko 2.0 bel ce, haka Peugeot 406, da Sharan mai dizal 1.9, da Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, da Toyota Camry mai inji 2.2 ta 1997 zuwa 2001. Corolla mai inji 1.8 ta 2003 zuwa sama sarƙa ce, haka Camry mai 2.4, da Accord mai 2.4 daga 2003. Sarƙa ba ta da wa'adi irin na bel, juye a kan lokaci take so. In ta gaji za ka ji ta tana ƙarar kacau-kacau da an tayar da mota da safe.

Akwai dalilin da ya sa dattawan direbobinmu ke raina zancen bel. A kan Peugeot 504 suka taso, wadda kamfanin PAN ya haɗa a Kakuri, Kaduna, inda aka fara aiki a 1975. Injin fetur na 504 sarƙa ne, mutum zai yi shekara goma bai ji an ambaci taimin ba. Da suka koma 406 sai suka tafi da tsohuwar al'ada, ita kuwa 406 ba ta yafe wannan.

> Akwatin kalmomi
> Taimin bel: ɗamarar roba mai haƙora, tana ɓoye cikin murfi a gefen inji.
> Fambel: ɗamarar da ake gani a waje da an ɗaga bonet, ita ke juya abin cajin batir.
> Tenshina: ƙaramar gargare da ke matse bel don kada ya saki.

Ka riƙe bambancin biyun farko da kyau, don a nan ake yi wa mutane wayo.

"Alhaji, bel sabo ne, ga shi ka gani da idonka."

"Malam, wannan ai fambel ne. Na cikin murfin nake tambaya."

"Shi ma an canza."

"Madalla. A wane gareji? Ba mu lambar bakaniken mu gaisa."

In an yi aikin, lambar ba ta wuya. In aka fara "ai ya yi tafiya", ka gane inda aka dosa.

Ga yadda ake duba taimin bel. A kashe mota, a zare makulli, inji ya huce. Bakanikenka ya cire murfin sama. A Golf maƙalai ne kawai, ba ya ɗaukar minti biyar. Ka dubi bayan bel ɗin. Sabo baƙi ne dusu-dusu, kuma sunan kamfani, irin su Gates ko Dayco ko Continental, yana nan raɗau da lambobinsa. Tsoho ya yi sheƙi, rubutun ya goge, gindin haƙoransa ya fara tsattsagewa. In ka ga mai a jikinsa, ko sabo ne ba zai yi ƙarko ba, sai an toshe inda man ke yoyo. Sai ka dubi tenshina. Wasu kan sa sabon bel su bar tsohuwar tenshina don a rage kuɗi, ita kuwa in ta ƙage, da bel ɗin za ta tafi. A 406 da Accord ɗin da muka ambata, bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, saboda haka tare ake canza su. Wanda ya yi aiki na gaskiya zai lissafa maka ukun ba tare da ka tuna masa ba.

Ido yana da iyaka a nan. Rubutun da ke raɗau yana nuna sabunta, amma bel na iya yin kyau a ido alhali wa'adinsa ya wuce. Ɗigon farin fenti da kanikawa ke sawa a kan gargare, da zanen sifana a kan noti, suna nuna an taɓa shiga wurin, ba sa faɗar yaushe.

A 'yar Beljiyam ka nemi sitika a cikin bonet ko a kan murfin bel. Garejin Turai kan rubuta kwanan wata da kilomita. A motocin da suka fito daga Jamus kalmar da za ka nema ita ce Zahnriemen.

Misali na 1. Wani direba daga Hunkuyi ya ga Golf. Sitika ta nuna an canza bel a kilomita 140,000. Maleji yanzu 215,000. A ce wa'adin bel ɗin 90,000 ne.
Canji na gaba: 140,000 + 90,000 = 230,000.
Abin da ya rage: 230,000 − 215,000 = 15,000.
In motar haya ce mai cin kilomita 150 a rana, kwana 6 a mako, 900 ke nan a mako. 15,000 ÷ 900 ya kama mako 16 da ɗoriya, kusan wata huɗu. An canza bel, gaskiya ne, amma kuɗin canji na gaba a wuyan mai saye yake.

3. Maleji

Duk lissafin da ke sama a kan maleji ya dogara, shi kuwa ana iya juya shi baya, na allura da na lantarki duka. Don haka a fara da tambayar ko lambar ta yi kama da gaskiya.

Abu na farko, motocin Amurka da na Ingila da mil suke ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Misali na 2. Accord 'yar Amurka ta nuna 95,000. Mai saye ya yi murna, wai ko dubu ɗari ba ta kai ba. 95,000 × 1.6 = kilomita 152,000.

Misali na 3. Golf ƙirar 1996 ta nuna kilomita 120,000 a shekarar 2024. Shekararta 28. 120,000 ÷ 28 ya kama kusan 4,300 a shekara, ƙasa da kilomita 12 a rana. Yana yiwuwa, amma sai jikin motar ya ba da shaida. Ka dubi robar birki da ta kuloci: in sun cinye har ƙarfe ya fito, in sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa, to ƙafar da ta cinye robar nan ta yi tafiya fiye da abin da maleji ya faɗa.

> Akwatin kalmomi
> Maleji: lambar da ke nuna jimillar tafiyar da mota ta yi.
> Lambar shasi: haruffa da lambobi 17 da babu wata mota mai irinsu. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa.

Da lambar shasi ana iya sayen rahoton Carfax ta intanet a kan motocin Amurka da Kanada. Yana nuna malejin da aka rubuta a can, da haɗarin da aka kai rahoto, wani lokaci har da gyare-gyare. Daga ranar da mota ta sauka Legas kuwa, rahoton bai san komai ba. Ranar saukar tana jikin takardar kwastan. Motar da aka ce makon jiya ta iso, takardarta ta nuna shekara uku, ta hannu ce aka yi wa fenti.

4. Inji da sassafe

Ka je ganin mota da sassafe, ka kuma ce kada a tayar kafin ka zo. Da isarka ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga ka, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar sarƙa da hayaƙin farko.

Kafin a tayar, murɗa makulli rabi. Fitilun gaban direba su kama duka: ta mai, ta batir, ta inji. In ta inji ba ta kama ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurin soka na'urar bincike, riwaya mai kwamfuta zai karanta maka abin da ke ciki.

Buɗe murfin baƙin mai ka juya cikinsa. Farin maiƙo mai kumfa alama ce ta ruwa na haɗuwa da mai, abin da ake zargi da farko gasket ne. Zaro sandar awon mai ka murza a yatsa. In ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba mai kaurin ne don a danne ƙara. Sai ka buɗe lagireto ko robar ruwa, inji na sanyi. Kada ka taɓa buɗe shi da zafi, ruwan zai ƙona ka. Ruwa ja mai tsatsa yana nuna shekaru aka yi ana zuba na rijiya. A tayar da mota murfin na buɗe: in kumfa na ta tasowa ba tsayawa, gasket ya tafi.

Yanzu koma baya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi, inji na shan baƙin mai, zancen ringi ya taso. Fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke ƙonewa. Ɗan tururin sanyin hunturu da ke ɓacewa nan da nan ba komai ba ne. Baƙi, mai ne ya yi yawa ko filtar iska ta toshe, wanda shi ne mafi sauƙin ukun.

In fanka ta kama da an murɗa makulli, mai yiwuwa an haɗa ta kai tsaye ne, kuma sau da yawa an cire tamostat. Kanikawa da yawa na yin haka suna cewa ƙasarmu zafi gare ta. Ni dai shawarata, ka tambayi abin da ya kai ga haka, domin mota mai lafiya ba a cika taɓa mata fanka ba.

Wani mai mota da alfahari zai ce maka, "An sauke injin nan, an yi masa ringi, ya koma sabo." Wannan labari ne mai fuska biyu. Inji ba ya sauka sai da dalili. Ka tambayi dalilin, da wanda ya yi aikin, da kayan da aka sa. Ka dubi haɗin kan inji: gam da ya tsattsafo ko'ina aikin gaggawa ne. In kuwa injin ne gaba ɗaya aka canza, aka sayo wani a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Kaduna, to maleji ya daina faɗar shekarun injin, kuma dole a ba ka rasit mai lambar sabon injin, saboda ranar da za a tare ka a hanya.

Injin da aka wanke fes kada ya burge ka. A bar shi yana aiki minti 20, a matsar da motar, ka dubi ƙasa.

5. Giya, birki da taya

A mota mai canza giya da kanta, man giyabos ya zama garau, galibi ja. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, an daɗe ba a kula shi ba. A mai kuloci, sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka taka totur sosai. In inji ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya cinye. Ka bi da ita hanyar burji mai gargada, kayan ƙafa za su faɗi halinsu da kansu.

Taya na ɗauke da ranar ƙirarta. A gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙira, komai kyan zanenta.

6. Ciniki

Da bakanikenka za ka je, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka biya shi da kanka, ka gaya masa tun a gida cewa ladansa ɗaya ne ko an saya ko ba a saya ba. Bakaniken da ke jiran la'ada daga mai sayarwa ba zai ga aibi ba.

Rashin shaida ba ya nufin a fasa mota. Yana nufin a daina cinikin biri a sama, a sa wa kowane gyara kuɗinsa.

Misali na 4. Wani manomin rake ya ga 406, an sa mata ₦3,200,000. Waɗannan lambobi na koyon lissafi ne, farashin ranar sai ka tambayi kasuwa. Babu shaidar bel, tayoyi sun tsufa, kuloci na zamewa.
Bel, tenshina, famfon ruwa da kuɗin aiki: ₦130,000
Taya huɗu: ₦240,000
Kuloci: ₦110,000
Jimilla: ₦480,000
Tayin da ya dace ya tsaya a kai: 3,200,000 − 480,000 = ₦2,720,000.
In mai mota ya rantse an canza bel, a ce masa to a buɗe a gani, ko ya kawo rasit a mayar masa da ₦130,000 cikin farashi.

A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. Sai dai a gaban alƙali hujja ake nema. Saboda haka duk abin da mai mota ya ce an yi, a rubuta shi a takardar ciniki, da maleji na ranar, da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu. Wanda ya ƙi a rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, ya riga ya ba ka amsa.

In ka saya babu shaidar bel, kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya ka kai ta gareji a canza. Ka sa a rubuta kwanan wata da kilomita da fenti a kan murfin, ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a motar kana rubuta kowane gyara. Ranar da za ka sayar, littafin nan kuɗi ne.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin juye da babban gyara? Kawo misali uku na babban gyara.
2. Me ke faruwa a cikin inji idan taimin bel ya tsinke mota na tafiya?
3. Ta yaya za ka bambanta fambel da taimin bel?
4. Waɗanne abubuwa biyu ake canzawa tare da bel a Peugeot 406?
5. Mota ta nuna mil 110,000. Kilomita nawa ke nan?
6. An canza bel a kilomita 85,000, wa'adinsa 90,000, maleji yanzu 181,000. Ya rage ko ya wuce? Da nawa?
7. Me ya sa ake son ganin mota inji na sanyi?
8. Faɗi abin da hayaƙi shuɗi, da fari, da baƙi ke nunawa.
9. An rubuta 4121 a jikin taya. Yaushe aka ƙera ta?
10. Mai mota ya ce an canza inji. Waɗanne tambayoyi za ka yi masa, kuma wace takarda za ka nema?

Aikin gida: Ka je garejin da ya fi kusa da kai, ka roƙi bakanike ya nuna maka tsohon taimin bel da sabo, ka riƙe su a hannu. Ka tambaye shi kuɗin canza bel a mota ɗaya da aka fi hawa a garinku, ka rubuto farashin ka zo da shi aji mako mai zuwa.